Jakada ma sai ya yi gwaji

Ɗan kasuwa tun yana yaro yake koyon ciniki a gaban ubangidansa. Jakada ba shi da wannan gata: in ya yi kure, ƙasa ce ke biya. Shi ya sa hukumar UNITAR ta Majalisar Ɗinkin Duniya da makarantun diflomasiyya ke horar da jakadu da shawarar kwaikwayo.

Ana raba ɗalibai ƙasa-ƙasa, kowane ɓangare da takarda biyu: ta kowa, da ta asiri mai ɗauke da umurnin gwamnatinsa da iyakar da ba zai ƙetare ba. Gwanintar mai tsarawa tana cikin ta biyun. In abu guda ya ba su su yi jayayya a kai, an koma tayi da albarka. Sai ya ɓoye bukatu mabambanta, irin na Camp David a 1978: Masar na son Sinai ta dawo hannunta, Isra'ila na gudun tankokin yaƙi a bakin iyakarta. Aka mai da ƙasar, aka taƙaita sojan cikinta.

Tsoro ne kaɗai takarda ba ta kawowa. Ɗalibi kan sallama da wuri, tunda ba ministan da zai kira shi cikin dare. Don haka wasu malamai kan aiko da sabon umurni ana tsakiyar zama.