Makoki a Hatta: wa ke riƙe mu idan mutuwa ta zo a baƙon wuri?

A gida idan aka yi rasuwa, ba a zama rabon aiki. Kafin labari ya gama zaga unguwa, wani ya tafi sayo likkafani, samari sun ɗauki diga da shebur sun nufi maƙabarta, liman ya sa lokacin sallah, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta sun fara shigo da kwanukan abinci don kada masu makoki su ɗora tukunya. A yi zaman kwana uku, wasu gidajen a yi sadakar bakwai da ta arba'in, matar mamaci ta shiga takaba 'yan'uwanta mata na kewaye da ita. Babu ofis, babu takarda, amma kowa ya san abin da ke kansa. Ba mu cika lura da cewa tsari ne ba sai da muka zo inda babu shi.

Ina aiki a Hatta, wani gari da ke ƙarƙashin masarautar Dubai amma a can cikin duwatsun Hajar, dab da iyakar Oman, kimanin kilomita 130 daga birni. 'Yan gida idan sun ji an ce Dubai, dogayen benaye da kasuwar Dera suke hangowa. Hatta ba haka take ba. Duwatsu ne da gonakin dabino, da madatsar ruwa inda masu yawon buɗe ido ke tuƙa ƙananan kwalekwale a lokacin sanyi, da masu kiwon zuma. Tsohuwar hanyar da ta miƙe daga Dubai ta ratsa wani yanki na Oman, don haka baƙi irinmu sai mu zagaya ta hanyar Sharja zuwa Kalba. Mu masu jin Hausa a nan ba mu da yawa: masu gadi, direbobi, ma'aikatan masauki, da masu aikin gona. Ɗan Katsina da ɗan Maraɗi da ɗan Zangon Kumasi duk 'yan'uwa ne a nan, tunda babu wasu.

Rasuwar da ta buɗe mana ido ta wani mai gadi ce, mutumin ƙasar Katsina. Ya kwanta lafiya, abokan ɗakinsa suka tashe shi sallar asuba bai tashi ba. Allah ya jiƙansa. Da yake ba a asibiti ya cika ba, sai da 'yan sanda suka zo, aka tafi da gawar domin likita ya tabbatar da dalilin mutuwar. Daga nan fa aka shiga layin takardu: rahoton 'yan sanda, shaidar mutuwa daga hukumar lafiya, takardar ofishin jakadanci, soke fasfo, soke bizar zama. Kowace takarda tana jiran wadda ke gabanta, kuma yawancin ofisoshin suna birni. Mu kuwa kowa na kan aikin mutane, wanda ya samu hutun yini ɗaya shi zai hau bas zuwa tashar Sabkha.

A can gida kuma mahaifinsa, tsoho, yana zaune a kan tabarma mutane na ta shigowa gaisuwa, suna tambaya ko an yi jana'iza, shi kuma ba shi da amsa. Agogonmu ya riga na Nijeriya da Nijar da awa uku, to kullum idan na tashi aiki da dare, su lokacin suke idar da magariba, sai na kira.

"Baba, a yi haƙuri, saura takarda ɗaya."

"Ɗana, ai jiya ma haka ka ce. Ni ba gawa nake nema a kawo mini ba. Ƙasa duk ta Allah ce. Ku sallace shi ku rufe shi, hankalina ya kwanta."

Wannan magana ta tsohon ita ce ra'ayin yawancin iyayenmu Musulmi, domin an hore mu da gaggauta suturta mamaci. Amma ko binnewa a nan ɗin ma tana buƙatar izinin hukuma da rubutacciyar amincewar iyali. Wanda iyalinsa suka ce a kai shi gida kuwa, sai an kai gawar cibiyar da ake yi mata magani a unguwar Muhaisna, wadda ma'aikata suka fi sani da Sonafur, a sa ta a akwati na musamman, a biya jirgi kuɗin kaya. Daga ƙarshen 2022 har zuwa 1 ga Oktoba 2024 jirgin Emirates bai zuwa Nijeriya, kuma a mafi yawan wannan lokaci an rufe ba 'yan Nijeriya biza. Duk wanda ya yi rashi a tsakanin nan ya san abin da nake nufi: ba mai zuwa daga gida, hanyar kai gawa kuma ta yi tsawo.

Abin da muka saba yi idan haka ta faru shi ne a buɗe zaure a WhatsApp, a sa hoton mamaci da lambar asusun wani, a ce a taimaka. Niyya ce mai kyau, amma ya kamata kowa ya ji wannan da kyau: a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa haramun ne a doka. Dokar Tarayya mai lamba 3 ta 2021 ta hana ɗaiɗaikun mutane tara gudummawa daga jama'a, kuma hukuncinta ya haɗa da ɗauri da tarar da kan kai dubban ɗaruruwan dirhami. A Dubai tun 2015 akwai dokar da ta ce ba a neman taimako a fili sai da izinin Hukumar Harkokin Musulunci da Ayyukan Jinƙai. Wato mai gadin da ya ba da lambar asusunsa saboda Allah, shi ne zai fara amsa tambaya. Ban da haka ma, kuɗin zaure kuɗin zafin rai ne. Kwana biyun farko ana turowa, ranar huɗu an yi tsit. Wanda yake da jama'a a samu da yawa, wanda bai daɗe da zuwa ba a samu abin da bai kai kuɗin mota ba. Daga baya kuma a fara ƙus-ƙus a kan nawa aka tara, nawa ya isa gida. Na ga zumuncin shekaru ya lalace a kan wannan.

Abin takaicin shi ne, da yawa daga cikin kuɗin da muke roƙo, doka ta riga ta ɗora su a wuyan wani. Dokar ƙwadago mai lamba 33 ta 2021, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2022, ta ce idan ma'aikaci ya rasu, mai aikin ne zai ɗauki nauyin shirya gawa da kai ta ƙasarsa idan iyali suka nemi haka. Ta ce a miƙa wa iyalinsa ragowar albashi da kuɗin sallama cikin kwana 10. Kuɗin sallamar nan albashin kwana 21 ne a kan kowace shekara a biyar ɗin farko, kwana 30 a kan kowace shekara bayan nan. Idan a bakin aiki ya rasu ko ta dalilin aikin, akwai diyyar albashin wata 24, wadda ba ta gaza dirhami 18,000 ba, ba ta wuce 200,000 ba. Idan kuma mota ce ta kaɗe shi aka tabbatar da laifin direba, kotu na yanke diyyar rai ta dirhami 200,000. Wannan haƙƙin marayu ne, ba sadaka ba. Amma ba ya zuwa da kansa. Asusun bankin mamaci ana rufe shi har sai kotu ta tantance magada, sai iyali sun turo takardar wakilci da aka buga wa hatimi, sai an fassara ta zuwa Larabci. Tsohon da ke ƙauye ina zai san wannan? Wanda ya zo da bizar ziyara yana buga-buga kuwa, babu mai aikin da za a kama, shi ne ainihin mai buƙatar asusun taimako.

Ba mu ne baƙin farko da mutuwa ta taɓa samu a ƙasar nan ba, kuma ina ganin babu kunya mu leƙa yadda maƙwabta suka yi. Indiya ta kafa asusun jin daɗin 'yan ƙasarta a ofisoshin jakadancinta tun 2009. Ɗan ƙaramin kuɗi ake ƙarawa a kan aikin fasfo da sauran takardu, daga ciki ake biyan kai gawar wanda ba shi da kowa. Filifin tana da hukumar ma'aikatanta na waje: dala 25 ake biya na shekara biyu, idan mutum ya rasu iyalinsa su karɓi kuɗin da aka riga aka ƙayyade, har da na jana'iza. Mutanen Kerala kuma suna da ƙungiyoyinsu masu rajista, suna da mutane irin su Ashraf Thamarassery na Ajman, wanda ya mai da bin takardun gawa aikin rayuwarsa, ya taimaka aka kai dubban gawarwaki gida, har gwamnatin Indiya ta karrama shi a 2015. Abokin aikina ɗan Kerala, da aka yi musu rasuwa, waya ɗaya ya buga. Mu mun buga ta fi talatin.

Ba tausayi suka fi mu ba. Sun tara kuɗin tun kafin a mutu, kuma sun san wanda za a kira.

Hanyar yin haka a buɗe take. Hukumar Raya Al'umma ta Dubai ita ke ba ƙungiyoyin sa-kai da na al'ummomin baƙi lasisi, a ƙarƙashin dokar 2017. Akwai sharuɗɗa, akwai binciken kuɗi duk shekara, kuma mu 'yan tsirarun Hatta ba za mu iya mu kaɗai ba. Sai manyan 'yan kasuwarmu na Dera da ma'aikatanmu masu ilimi a birni sun shige gaba, mu kuma mu zama reshe. Kafin a kai ga haka, akwai ƙungiyoyin agaji masu izinin karɓar gudummawa, irin su Dar Al Ber da Beit Al Khair da Red Crescent ta Daular. Mai son taimakon wani iyali ta hannunsu ya kamata ya bi, ko ya ba su da hannunsa a matsayin ɗan'uwa, ba tare da shelar neman kuɗi ba. Ɓangaren gida kuma ya fi sauƙi. Ana iya yi wa ƙungiya rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Nijeriya, a buɗe asusu da sunanta mai sa hannun mutum uku, ta riƙa kula da matan da ke takaba da kuɗin makarantar marayu. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato tana da ta Zakka da Waƙafi. Mai bin takardun iyali a gida zai iya kai sunayen marayu can. Hukumar 'yan Nijeriya mazauna ƙetare, wadda Abike Dabiri-Erewa ke shugabanta tun 2019, ita ya kamata mu matsa wa a kan asusu irin na Indiya. Mu muke biyan kuɗin fasfo, ai ba roƙo ba ne.

Akwai kuma ɓangaren da kuɗi ba ya yi, kuma shi ne ya fi damuna. Ba kullum ne mutuwar ke faruwa a nan ba. Sau da yawa a gida take faruwa, mai rashin ne ke nan. Dokar ƙwadago ta ba da hutun makoki: kwana 5 idan miji ko mata ce, kwana 3 idan uwa ce ko uba, ko ɗa, ko ɗan'uwa, ko kaka, ko jika. Kwana uku ba sa kai mutum Maraɗi ya dawo, ko da yana da kuɗin jirgi. Wani yaro direba, mahaifiyarsa ta rasu, a bidiyon waya ya ga an fito da makara. Ya yi kwana ukunsa a kan gadon sama a ɗakin mutum shida, abokan ɗakin ba mai jin harshensa, ya koma bakin aiki. Mun je masa gaisuwa bayan isha, muka yi addu'a, muka sha shayi, muka watse. Sai bayan wata biyu ya ce mini, "Yaya, wallahi har yanzu idan na karɓi albashi sai na ɗauko waya zan kira Inna in ce na turo." Ya rame, ba ya barci, kuma tuƙi yake yi a hanyar duwatsu.

A gida, zaman makoki da shigowar mutane da fitarsu su ne maganin wannan. Ana ce maka "ya haƙuri" sau ɗari, kana amsawa, har zuciya ta fara yarda. A nan sau ɗaya ake faɗa. Mu maza kuma an hore mu da cewa kuka rashin tawakkali ne, alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. A lokacin korona, a 2020, gwamnatin ƙasar nan ta buɗe layin waya na tallafa wa masu damuwa, amma da Larabci da Turanci. Baƙin cikin rashin uwa kuwa da harshen uwa yake fita. Muna da malamai da ma'aikatan jinya masu jin Hausa a Dubai da Sharja da Abu Dabi. Ƙungiya mai rajista za ta iya neman a horar da kaɗan daga cikinsu, maza da mata, su san yadda ake sauraron mai rashi, su kuma gane lokacin da abin ya wuce nasiha sai likita. Mata 'yan aikin gida sun fi kowa shiga wannan hali, domin ba sa fita balle a je musu gaisuwa, sai dai 'yar'uwa mace ta kira su.

Mu dai a Hatta mun fara da abin da bai buƙatar lasisi. Mun sayi littafi ɗaya, kowa ya rubuta sunansa kamar yadda yake a fasfo, da wurin aikinsa, da lambar mutum biyu a gida, da abin da yake so idan ta Allah ta kasance: a rufe shi a nan ko a kai shi gida. Wasu sun ƙi da farko, wai kamar kiran mutuwa ne, har sai da dattijon cikinmu ya karɓi biro ya fara da nasa. Mun ware mutum biyu masu jin Larabci da Turanci su san ofisoshin da jerin takardun. Wanda aka yi wa rasuwa a gida kuma, an raba kwanaki: kullum akwai mai leƙa shi har arba'in, ko da na minti goma ne bayan an tashi aiki.

Ku kuma 'yan gida, ga abin da muke roƙo. Ku nemi ɗanku ya turo muku hoton fasfonsa da katin zamansa da kwantiragin aikinsa, ku adana. Idan labari mara daɗi ya zo, ku zaɓi mutum ɗaya ya riƙa magana da yawun iyali, domin sau da yawa uba ya ce a binne, wa ya ce a kawo gawa, takarda ta tsaya. Kada kuma ku sa hannu a kan wata takardar yafe haƙƙi da aka turo muku da Larabci ko Turanci, sai wanda kuka amince da shi ya karanta muku ita tun daga farko har ƙarshe.