Gurɓatar Tafkunan Bakin Birane da Farfaɗo da Su: Misali daga Tafkin Washinton

1.0 Gabatarwa

Duk birnin da ya bunƙasa a gaɓar tafki, a ƙarshe tafkin ne yake zame masa juji. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ruwa yake lalacewa ta wannan hanya, da kuma rawar da halittun cikinsa suke takawa wajen gyara shi. Za a kafa hujja da Tafkin Washinton, wanda yake gabas da birnin Siyatil a Amurka.

2.0 Yadda Tafki Yake Lalacewa

Najasa da ruwan wanki suna ɗauke da sinadarin fosfaras, wanda taki ne ga gansakuka. Idan ya yawaita sai gansakuka ta rufe fuskar ruwa, ta tare hasken rana. In ta mutu ta nitse, ƙwayoyin bakteriya da suke ruɓar da ita sukan zuƙe iskar oksijin, daga nan sai wari da mutuwar kifi su biyo baya.

Abin lura a nan shi ne, ruwan da unguwannin kewayen Tafkin Washinton suke zubawa a cikinsa a da tacacce ne, sai dai tacewar ba ta cire fosfaras ba. A 1955 aka ga wata muguwar gansakuka mai kama da zare ta bayyana, masani W. T. Edmondson na Jami'ar Washinton ya yi gargaɗi. A 1958 jama'a suka jefa ƙuri'ar amincewa da kafa hukumar da za ta yi aikin, kuma tsakanin 1963 da 1968 aka karkatar da magudanun zuwa mashigin teku na Puget. Fosfaras ya ragu, ruwa ya fara washewa.

3.0 Aikin Ƙumar Ruwa

A 1976 ruwan ya ƙara yin garau fiye da yadda aka zata, alhali ba wani sabon aiki da aka yi. Dalili kuwa shi ne yaɗuwar dafniya, wato ƙumar ruwa, wata 'yar halitta da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, wadda abincinta gansakuka ne. A da, gansakuka mai zare tana shaƙe mata wurin tace abinci, sannan wani ɗan jatan lande yana cinye ta. Da zaren ya ɓace, wani ƙaramin kifi kuma ya rage jatan landen, sai ta sami sarari. Wannan shi ne tushen dabarar da aka bi a Tafkin Vesijärvi na ƙasar Finlan, inda aka kwashe fiye da tan 1,000 na ƙananan kifaye daga 1989 zuwa 1993. Can ma sai da aka tsayar da najasar birnin Lahti tun 1976.

A ganin mai wannan maƙala, wannan jeri na aiki ne ake yawan mantawa da shi. Wanda ya san yadda kogin Jakara yake kwashe dagwalon birnin Kano zuwa madatsar Wasai, da yadda rafin Getsi yake ƙara masa ruwan masana'antun Bompai, ya san matsalarmu ta fi nauyi, domin ƙumar ruwa ba ta kawar da sinadarin kuromiyam na jima. Da wannan ruwa kuwa ake ban ruwan latas da alayyahon da ake kaiwa kasuwa.