Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya: Ƙofar da Wuta Ba Ta Rufe Ba

Ranar 29 ga Oktoba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka mamaye Kwarhi, wani ƙauye da ke kan hanyar Mubi a Jihar Adamawa, inda hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya take, wadda aka fi sani da EYN. Shugabanni da malaman Kwalejin Kulp, makarantar ekklesiyar da ke can, da ɗalibai da iyalansu suka fantsama cikin daji, kowa ya yi ta kansa. Wata shida kafin nan, a daren 14 ga Afrilu, an sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, kuma mafi yawansu 'ya'yan wannan ekklesiya ne. Daga baya shugabanninta sun bayyana cewa an kashe musu mutum fiye da 8,000, wasu sama da 700,000 kuma sun rasa matsuguni.

Wanda aka yi wa irin wannan ɓarna, ba mai ganin laifinsa in ya ja ƙofa ya rufe, ya ce daga yau nawa kawai na sani. EYN ba ta yi haka ba. Da aka fara rabon masara da barguna da magunguna, Musulmin da suka gudo daga Gwoza da Madagali da Michika sun shiga layi tare da Kirista, an kuma ba su. Wannan hali ba a tsakiyar gudu aka koye shi ba. Yana da tushe mai zurfi, kuma tushen nan ya kamata mu duba.

Daga gindin tsamiya

A ranar 17 ga Maris, 1923, wasu 'yan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida, ƙasar Bura, kusa da kogin Hawul. Ɗarikar 'Yan'uwa da ta aiko su ta samo asali ne a Jamus a 1708, ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack, kuma tun farkonta an san ta da ƙin ɗaukar makami da ƙin ramuwa. A Garkida ba a tsaya ga wa'azi kaɗai ba. An buɗe makaranta, an buɗe ɗakin shan magani wanda ya girma ya zama asibiti, sannan a 1929 aka kafa mazaunin masu cutar kuturta a Virgwi, dab da garin.

Wannan mazauni shi ne ya fi bayyana zuciyar aikin. A wancan zamani kuturu mutum ne da dangi kan ware wa ƙwarya da tabarma, wani lokaci har da bukka a bayan gari. A Virgwi an karɓe shi, an wanke masa gyambo, an ba shi magani da gonar da zai noma, an koya masa karatu. Mutane suka riƙa zuwa daga ƙabilu dabam-dabam, Musulmi da masu addinin gargajiya da Kirista. Da yawa daga cikin waɗanda suka warke suka koma garuruwansu, a hannunsu aka kafa majami'u na farko a can. Waɗanda duniya ta tura bayan gari su ne suka zama ginshiƙai.

Aikin ya faɗaɗa zuwa Lassa a ƙasar Margi, inda aka gina wani asibitin. A can ne a 1969 wata ma'aikaciyar jinya mai suna Laura Wine ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san shi ba, ta rasu bayan an kai ta Jos. Shi ne ciwon da duniya ke kira zazzaɓin Lassa a yau. Makarantun Waka da ke kusa da Biu sun yaye malamai da ma'aikata masu yawa. Bayan gwamnati ta karɓe asibitoci da makarantun mishan a shekarun 1970, ekklesiyar, wadda a lokacin ragamarta ta koma hannun 'yan ƙasa, ta karkata ga ƙauyuka: horar da ma'aikatan lafiya na karkara, da haƙa rijiyoyi tare da mutanen gari. Rijiya kuwa ba a tambayar mai guga addininsa.

Yadda ake riƙe juna

Wanda ya shiga majami'ar EYN a Biu ko Maiduguri ko Jos ranar Lahadi zai tarar da Bura da Margi da Kibaku da Kamwe da Kilba da Fali a benci ɗaya. Kowa da harshen gidansu, amma a wurare da dama Hausa ce ke haɗa su a karatun Littafi Mai Tsarki da waƙa da sanarwa. Wannan ya sa baƙon da ya sauka jiya yake iya bin sujada yau.

Ƙarfin majami'a yana cikin ƙananan ƙungiyoyinta, kuma babu kamar Zumuntar Matan Ekklesiya. Su ne ke fara isa gidan haihuwa da gidan makoki. Su ne ke sanin gwauruwar da hatsinta ya ƙare tun kafin ta buɗe baki, da yaron da aka koro daga makaranta saboda kuɗi. Daga baikon da ake tarawa da gudummawar da suke yi a tsakaninsu ake sayen mudun masara, a biya kuɗin asibiti, a sa wa wata jarin ƙosai. Matasa kan taru su nome gonar dattijon da ƙarfinsa ya ƙare. Dattawan ekklesiya kuma kan zauna sulhu tsakanin miji da mata, ko maƙwabta masu rikicin iyaka, kafin magana ta kai gaban alƙali. Zumunta a ƙafa take, kuma a nan ana takawa.

Akwai wata al'ada da 'Yan'uwa suka riƙe tun daga kakanninsu na Jamus: wankin ƙafa a lokacin Jibin Ubangiji, bisa abin da Bisharar Yohanna sura 13 ta ba da labari cewa Yesu ya yi wa almajiransa. Maza a gefe guda, mata a gefe guda, kowa ya durƙusa ya wanke ƙafar na kusa da shi ya goge. Babban ma'aikaci na iya samun kansa a gaban ƙafar manomi mai faso. Mutumin da ya tashi yana yin haka shekara da shekaru, da wuya ya ɗauki hidima a matsayin alfarma da yake yi wa na ƙasa da shi.

Da wuta ta zo

Bayan harin Kwarhi, da hedikwata ta koma Jos na ɗan lokaci, aikin agaji ya kankama da taimakon 'yan'uwansu na Amurka da na Turai: abinci, irin shuka, takin zamani, kwanon rufi ga masu komawa gida, da tarurrukan warkar da raunin zuciya, inda wanda aka kashe wa ɗa a gabansa yake samun wurin faɗin abin da ya gani. A Gurku, cikin Jihar Nasarawa kusa da Abuja, wani ma'aikacin ekklesiyar, Markus Gamache, ya jagoranci kafa matsugunin 'yan gudun hijira inda da gangan aka zaunar da iyalan Kirista da na Musulmi a unguwa ɗaya, ga coci ga masallaci. A Mubi, ƙungiyar CAMPI ta haɗa fastoci da limamai da ɗalibai kan aikin zaman lafiya, kuma a 2016 ita da EYN suka karɓi lambar yabo ta Michael Sattler a Jamus.

Aiki mafi wuya shi ne wanda Dakta Rebecca Dali ta ɗauka ta hanyar cibiyarta, CCEPI. Matan da suka kuɓuto daga hannun mahara, wasu da ciki wasu da goyo, sukan dawo su tarar da dangi sun juya musu baya, ana kiran jariransu jinin Boko Haram. Ta ciyar da su, ta koya musu sana'a, ta kuma riƙa bin iyaye da mazaje tana roƙon a karɓe su. A 2017 aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a Geneva saboda wannan aiki. Abin da aka yi wa kutare a Virgwi shi ne ta yi wa waɗannan mata.

Abin da ya saura

Ba a gama ba. An kai wa Garkida hari a watan Fabrairun 2020, aka ƙona majami'u, kuma har ekklesiyar ta yi bikin cika shekara 100 a 2023 akwai 'yan matan Chibok da ba su dawo ba. A cikin gida ma akwai tambayoyin da ya dace a fuskanta. Matan da ke ɗauke da nauyin hidima sun cancanci murya mai ƙarfi a inda ake yanke shawara. Kurame da makafi da guragu suna buƙatar mai fassara da hannu da ƙofar da keke zai shiga. Ƙabilanci kuma, wanda ba ya barin kowace ƙungiya a ƙasar nan, sai an riƙa tsare shi a lokacin zaɓen shugabanni.

Darasin da ke cikin tarihin EYN ya shafi kowane gidan ibada, coci ne ko masallaci. Al'ummar da ba ta saba ciyar da baƙo a lokacin lafiya ba, ba za ta iya ba ranar da ita ma take gudu. Don haka kowane fasto da kowane limami ya dubi unguwarsa tun yau, ya lissafa waɗanda yunwa ko ciwo ko tsangwama ta hana su kusantar ƙofarsa, ya tura mutanensa su je gare su, ba tare da sharaɗin sai sun zama nasa ba.