Ciyar da Agwagi a Lokacin Hunturu

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega da damina, ya ratsa Boɗinga da Shagari, zai ga agwagi a kududdufai suna kiwon kansu. Suna cin tana, da fara, da 'ya'yan kwaɗi, da ɗanyar ciyawa, uwargida kuwa sai ta watsa musu ɗan tsaki da yamma, shi ke nan. Amma daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu labari yakan sake. Kududdufi ya ƙafe, ciyawa ta bushe, ƙwari sun ɓuya. Sai agwagi su rame, mata su daina ƙwai, mu ce sanyi ne ya kama su.

Ba sanyi ba ne. Babbar agwagwa tana da gashi mai kauri, ɗarin ƙasarmu bai dame ta ba. Yunwa ce da ƙishirwa. Abin da take samu kyauta a bakin ruwa, yanzu mu ne za mu ba ta.

Babbar agwagwa tana bukatar wajen giram 150 na abinci a yini. Dusar gero ko ta dawa ba ta da wuya bayan girbi, amma dusa kaɗai cika ciki take yi, ba ta gina jiki. A haɗa mudu huɗu na dusa da tsaki da mudu ɗaya na ƙuli-ƙuli dakakke marar gishiri da yaji. A dama da ruwa ya yi laushi, a ba su safe da yamma. Kan kifi, da ƙanzo jiƙaƙƙe, da ganyen zogale, da ragowar alayyafo ko salak daga masu lambu a fadama, duk suna da amfani. Masu ƙwai a daka musu ɓawon ƙwai a zuba.

Gara ma nama ce a wurinsu, kuma ba kuɗi. A cusa busasshiyar kashin shanu da kara cikin tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta inda gara take. Bayan kwana ɗaya ko biyu a zazzage wa 'yan agwagi. Wannan aikin yara ne, suna kuwa jin daɗinsa.

Sai dai a yi hankali da ƙuli-ƙuli da hatsin da suka yi hunhuna. A shekarar 1960 dubban talotalo da 'yan agwagi suka mutu a Ingila saboda garin gyaɗa mai hunhuna, daga nan masana suka gano dafin da ke cikinsa, wanda yake lalata hanta. 'Yan agwagi sun fi kaji saurin mutuwa da shi. Tattalin da zai sa mu ba su ruɓaɓɓen abinci don kada mu zubar, hasara ce.

Kada a ajiye abinci ba ruwa kusa. Agwagwa takan ci loma ta kora da ruwa, in babu sai busasshiyar dusa ta shaƙe ta. Kwano ya yi zurfin da za ta tsoma kanta duka, gama haka take wanke ƙurar hunturu daga hanci da idanu. Na ƙananan kuwa kada ya yi zurfi, kuma su kwana cikin akurki a kan busasshiyar ƙaiƙayi, don su kam sanyin asuba yana kashe su.

Mutanen Shagari da ke kusa da dam za su ce nasu agwagi ba su rasa ruwa ba. Gaskiya ne. Amma a wannan lokaci ne tsuntsayen ruwa suke zuwa daga Turai su sauka a tafkuna, kuma sukan ɗauko murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a 2006. Agwagwa tana iya ɗaukar cutar ba ta nuna alama ba, ta kawo wa kajin gida. Ya fi kyau a tsare su a gida har rani, kwanon ruwansu dabam da na kaji. In an ga suna mutuwa farat ɗaya, kada a yanka a ci, ko da ana ta shirin Kirsimeti. A sanar da malamin dabbobi.