Lissafin Amon Kalangu da na Wasula: Dabarar Yanki-Yanki Wajen Ƙiyasta Keɓantattun Ƙimomi

1.0 Gabatarwa

Makaɗin kalangu a bukukuwan Ƙofar Dumi cikin birnin Bauchi yakan matsa tsarkiya amo ya hau, ya sassauta ya sauka, har kalangun ya kwaikwayi karin sautin Hausa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana lissafin da ke tattare da wannan amo da kuma amfaninsa ga nazarin furuci.

2.0 Keɓantacciyar Ƙima

Fatar da aka ɗame tana da jerin salon kaɗawa nata na kanta, kuma kowane salo yana da lamba guda da ke ƙayyade yawan kaɗawarsa a daƙiƙa. Wannan lamba ita ce keɓantacciyar ƙima. Siffar fata da faɗinta su ke tsayar da ita, ɗamewa kuwa ɗaga amon duka take yi da ninki ɗaya. A fata mai siffar da'ira an san amsar daidai: in an ɗauki amo na farko a matsayin 1, masu biye masa su ne 1.59 da 2.14 da 2.30. Idan siffa ta karkace, galibi babu ƙa'idar da ke ba da amsa kai tsaye, sai ƙiyasi.

3.0 Dabarar Yanki-Yanki

Richard Courant ya aza harsashin wannan dabara a 1943, Ray Clough kuma ya raɗa mata suna a 1960. Akan yayyanka siffar zuwa ƙananan alwatika, a ɗauka cewa motsi a cikin kowace miƙaƙƙe ne. Daga nan sai a gina jadawalin lambobi biyu, ɗaya na tauri ɗaya na nauyi, kwamfuta ta fitar da ƙimomin daga cikinsu.

Ƙiyasin yana da halaye uku. Na farko, daga sama yake tunkarar amsa, domin tilasta wa fata miƙaƙƙen motsi tamkar ƙara mata tauri ne. Na biyu, a siffa marar lungu mai kaifi, rage girman alwatika da rabi yakan mayar da kuskure kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Na uku, ƙimomin farko sun fi na can sama inganci.

4.0 Amfani Ga Nazarin Furuci

Tantanin maƙwallato ne ke samar da karin sauti, amma siffar hanyar iska daga maƙwallato zuwa leɓɓa ita ke bambanta wasula. Tsawonta ga baligin namiji kimanin santimita 17.5 ne. Bututu miƙaƙƙe mai wannan tsawo, toshe a gefe guda, yana amsa amo a kaɗawa 500 da 1500 da 2500 a daƙiƙa. Motsin harshe da leɓɓa ke sauya waɗannan lambobi: a /i/ ta farko kan sauka ta biyu ta hau, a /a/ ta farko kan hau, a /u/ kuwa duka biyun kan sauka. Da yake kogon baki ba miƙaƙƙe ba ne, masana kan ɗauki hotonsa da na'urar asibiti su lissafa shi yanki-yanki.

5.0 Kammalawa

A 1966 Mark Kac ya yi tambaya ko ana iya gane siffar ganga daga amonta kaɗai. A 1992 Gordon da Webb da Wolpert suka tabbatar da cewa siffofi biyu mabambanta na iya zama da ƙimomi iri ɗaya. Ke nan lissafi daga siffa zuwa amo tabbatacce ne, amma komawa daga amo zuwa siffa na buƙatar ƙarin hujja. Wajibi ne manazarcin wasulan Hausa ya haɗa awon sauti da lura da gaɓoɓin furuci kafin ya yanke hukunci a kan matsayin harshe.