Aci-bal-bal ta Kwalba: Gaskiya ko Jita-jita?

Idan magariba ta yi a Minna aka ɗauke wuta, duk wanda ya bi ta Bosso ko ya ratsa Kpakungu zai ga ƙananan harsunan wuta suna kaɗawa a teburan masu ƙosai, masu tsire da masu shayi. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, amma har yau mai sana'ar dare bai rabu da aci-bal-bal ba. A da, da gwangwanin madara ko na tumatir ake ƙera ta. Yanzu kwalbar lemo ko ta magani ake samu, a huda murfin, a zura tsumma ya zama lagwani, a ɗura kananzir. Yara ma har da robar ruwa suke yi. Akwai maganganu da yawa da ke yawo a kan wannan fitila. Wasu gaskiya ne, wasu kuma su ke kai mutane asibiti.

Masu cewa a waje ba ta da haɗari kamar a ɗaki sun yi gaskiya. Hayaƙin kananzir yana cutar da huhu da ido, shi ya sa tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a rage amfani da shi a cikin gida. A fili iska tana kwashe hayaƙin. Sai dai iskar nan ita ce ke tuntsurar da kwalba mai tsawo da ƙaramin gindi, kuma a lokacin hunturu zana da rumfar ciyawa tartsatsi ɗaya suke jira.

"Kwalba ai kwalba ce" kuwa jita-jita ce. Robar ruwa da ta lemo tana fara laushi da zafin da bai wuce digiri 70 da ɗoriya ba, ƙasa da zafin tafasasshen ruwa. Wuyanta zai lanƙwashe, lagwani ya faɗa ciki, mai ya malale yana ci. Ta gilashi ta fi juriya, amma ba don wuta aka yi ta ba: idan bakinta ya yi zafi, ɗigon ruwan sama kaɗai ya isa ya tsaga ta. Tsohon gwangwanin nan mai faɗin gindi da bututun ƙarfe ya fi su duka biyun aminci.

Maganar da ta fi tayar min da hankali ita ce ta masu cewa ɗan fetur a cikin kananzir ba komai, har ma yana ƙara haske. Kananzir mai kyau ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai zafinsa ya kai kimanin digiri 38 ko sama. Fetur kuwa ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifili yana fitar da shi. Da zarar an gauraya su, sararin da ke saman mai a cikin kwalba sai ya cika da tururin fetur, wuta ta bi lagwani ta same shi, kwalba ta tarwatse da gilashi da mai a fuskar wanda ya sunkuya zai kunna. Gurɓataccen kananzir ya ƙona iyalai da dama a Legas da jihar Edo a 2001, kuma an ci gaba da samun irinsa a wasu jihohi. A 'yan shekarun nan litar kananzir ta fi ta fetur tsada, don haka marar tsoron Allah riba yake gani a haɗin. Launi ba ya tona asirinsa. Abin da ya fi shi ne a ɗiga kaɗan a murfin gwangwani, a fili, nesa da jarka, a kusanto da ashana: mai kyau ba ya saurin kamawa in babu lagwani, gurɓatacce kuwa fuu zai tashi.

Daga nan ake gane kuskuren masu ƙara mai fitila tana ci, wai kananzir ba ya fashewa. A watan Maris da Afrilu zafin Minna yakan kusa digiri 40, ga kuma zafin da harshen wuta ya ƙara wa kwalbar. A kashe, a bari ta huce, sannan a ɗura. In kuma mai ya zube ya kama, ruwa ba ya kashe shi, yaɗa shi yake yi, don mai yana tasowa saman ruwa. Yashi ko jiƙaƙƙen buhu ake rufawa.

Batun korar sauro ba shi da ƙarfi. Hayaƙi yakan rage shi a dab da fitila, taku biyu baya yana nan. Sauron da ke kawo zazzaɓi kuma cikin dare ya fi cizo, lokacin da fitila ta mutu mutane sun kwanta, aikin gidan sauro mai magani ke nan.

Ana kuma yaɗa hoton kwalbar ruwa da ke haska ɗaki ba lantarki ba mai. Wannan gaskiya ne. Wani bakanike ɗan ƙasar Brazil, Alfredo Moser, shi ya fito da dabarar a 2002: a cika roba da ruwa, a sa ɗan bilic don hana gansakuka, a huda rufin kwano a maƙala ta rabi a waje rabi a ciki. Ruwan yana baza hasken rana cikin ɗaki kamar ƙwan lantarki mai wat 40 zuwa 60. Daga baya aka yaɗa ta a Filifin da wasu ƙasashe. Amma da rana kaɗai take aiki. Mai ƙosai da ke fita bayan isha'i sai ta haɗa da farantin sola da batir, in ba haka ba duhu za ta sha.

Akwai wani haɗarin da ba ruwansa da wuta. Kananzir a kwalbar lemo, a idon yaro ɗan shekara biyu, abin sha ne, kuma shan kananzir yana cikin gubar da aka fi kai ƙananan yara asibiti a kanta a Najeriya. Da ya sha, sai ka ji maƙwabta suna cewa, "Maza a ɗura masa manja!" ko "A sa masa yatsa ya yi amai!" Uwar da ta bi wannan shawara ƙauna ce ta sa ta, amma nan ne ɓarnar take. Illar kananzir a huhu ta fi ta ciki muni nesa ba kusa ba. Amai yana dawo da shi maƙogwaro, ɗan kaɗan ya zarce huhu ya kumbura shi, ɗurar manja ko madara kuma ita ke jawo aman da shaƙewa. A cire masa rigar da mai ya jiƙa, a wanke jikinsa da sabulu, a zaunar da shi, kada a ba shi komai, a nufi asibiti ko da yana wasa, domin tari da saurin numfashi kan iya ɓullowa bayan sa'o'i.

Haka ƙuna. Ɗanyen ƙwai, man goge baki, baƙin mai da ƙullun koko duk datti suke kai wa ciwo, su kuma wahalar da ma'aikacin jinya wajen wankewa. Ruwa mai tsabta, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara shi a wurin har minti 20, a rufe da tsaftataccen ƙyalle. In ƙunar ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta shafi fuska, hannu ko gaba, ko kuma ƙaramin yaro ne, a kai shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.