Tanderun sarrafa ƙarfe na ɗakin gwaje-gwaje

Tanderun sarrafa ƙarfe na ɗakin gwaje-gwaje wani ƙaramin tanderu ne mai aiki da wutar lantarki, wanda ake zafafa ƙarfe a cikinsa zuwa wani mataki da aka ƙayyade, a bar shi na wani lokaci, sannan a sanyaya shi, domin a ƙara masa tauri ko laushi ba tare da an narkar da shi ba. Ana samun sa a sassan koyar da injiniyanci na jami'o'i da kwalejojin fasaha, da kuma ɗakunan tantance ingancin kaya na masana'antu. Yawancinsu suna kaiwa digiri 1,100 zuwa 1,200 a ma'aunin Selshiyos (°C), wasu na musamman kuma har 1,800 °C.

Aikin da yake yi ba baƙo ba ne ga maƙeran ƙasar Hausa, waɗanda suka daɗe suna yi wa wuƙa da gatari ban ruwa. Bambancin shi ne maƙeri yana ganin garwashinsa, yana kuma gane zafi daga launin ƙarfen. Tanderun lantarki ba shi da harshen wuta, ba shi da ƙara, kuma akasarin haɗurransa ido ba ya ganin su.

Yadda aka ƙera shi

Cikin tanderun wani akwati ne da aka gina da tubali mai jure wuta ko da allunan zaren yumɓu, waɗanda ke hana zafi fita. A jikin bangon akwai wayoyi ko sanduna da ke yin zafi idan lantarki ya ratsa su, kuma irin waɗannan wayoyi ne ke yanke iyakar zafin da tanderu zai iya kaiwa. Wayar naikurom, wadda haɗin nikel ce da kuromiyam, Ba'amurke Albert Marsh ne ya yi rajistar ƙirƙirarta a shekarar 1906, kuma tana aiki har kusan 1,150 °C. Wayar Kanthal, haɗin baƙin ƙarfe da kuromiyam da alminiyam, ta fito ne daga ƙasar Suwidin, inda aka kafa kamfaninta a 1931, kuma mafi ingancinta na jure kusan 1,400 °C. Sama da haka ana amfani da sandunan silikon kabaid, sai kuma na molibdenom daisilisaid waɗanda ke kaiwa 1,800 °C.

Abin da ke auna zafin shi ake kira tamokopul: wayoyi biyu na ƙarafa daban-daban da aka haɗe bakinsu. Idan mahaɗar ta yi zafi sai a sami ɗan ƙaramin ƙarfin lantarki da ke ƙaruwa gwargwadon zafin, al'amarin da Thomas Johann Seebeck ya gano a 1821. Nau'in K shi ne ya fi yawa a tanderun da ba su wuce 1,200 °C ba. Nau'in S da B, masu wayar filatinam, su ake sawa a masu zafi sosai. Na'urar daidaita zafi tana karanta abin da tamokopul ya kawo, ta kunna ko ta kashe wuta daidai da shi. Wato iyakar abin da na'urar ta sani game da cikin tanderun shi ne abin da wannan 'yar mahaɗa guda ta faɗa mata.

Abin da zafi ke yi wa ƙarfe

Idan ƙarfe mai sinadarin kabon ya haura 727 °C, tsarin ƙwayoyinsa yakan fara komawa wani yanayi da ake kira ostenait. A kusan 770 °C baƙin ƙarfe yakan daina kama maganaɗisu. Idan aka tsoma shi nan take cikin ruwa ko mai, sai ya zama matensait, mai tsananin tauri amma mai saurin karyewa. Saboda haka ake sake ɗumama shi tsakanin 150 da 650 °C domin a rage masa gautsi. Idan kuwa laushi ake so, sai a bar shi ya huce a hankali a cikin tanderun. A al'ada ana ba ƙarfe kimanin awa ɗaya a kan kowane kauri na milimita 25 domin zafi ya ratsa shi. Kuskuren digiri 30 ko 40 na iya ɓata sakamakon gwaji, shi ya sa gyaran ma'auni yake da muhimmanci kamar kariyar jiki.

Kafin kunnawa

Ana ajiye tanderun a kan teburin da ba ya kama wuta, nesa da bango da takardu da kwalaben sinadarai masu kamawa, a wurin da hayaƙi ke da mafita. Sabon tanderu, ko wanda ya daɗe a ajiye musamman da damina, tubalinsa ya sha laima. Ana fara busar da shi a ƙaramin zafi, kamar 200 °C, na wasu awoyi, sannan a ƙara a hankali bisa umarnin kamfanin da ya ƙera shi. Dalili shi ne ruwa idan ya zama tururi yakan kumbura kusan ninki 1,700, kuma idan bai sami hanyar fita ba sai ya tsaga tubalin. Wannan dalilin ne ya sa ba a sa jiƙaƙƙen abu, ko bututun da aka toshe bakinsa biyu, ko kowane rufaffen mazubi a cikin tanderu mai zafi. Suna iya fashewa.

Akwai kuma abubuwan da hayaƙinsu ne matsalar. Ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya, irin na kwanon rufi da wasu kusoshi, yana fitar da farin hayaƙi, domin tutiya tana narkewa a kusan 420 °C, ta tafasa a 907 °C. Wanda ya shaƙe shi yakan kamu da zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan awoyi, sau da yawa bayan ya koma gida, har ya ɗauka mura ce. Hayaƙin kadmiyam ya fi wannan muni, yana iya kisa. Fenti, man giris da roba duk ana kankare su kafin a sa ƙarfe. Alminiyam, da ke narkewa a 660 °C, idan ya ɗiga a kan wayar zafi yakan cinye ta. Domin kare daɓen tanderun, ana ɗora kaya a kan faranti na yumɓu, ba a taɓa bango ko wayoyi ko bakin tamokopul ba.

Buɗe ƙofa da fitar da kaya

Ƙarfe ba ya fara yin ja sai ya kai kusan 525 °C, kamar yadda John William Draper ya bayyana a 1847, kuma a ɗaki mai haske jan ba ya fitowa sai ya wuce haka. Ma'ana, guntun ƙarfen da ke 400 °C kamanninsa ɗaya da wanda ya kwana a kan tebur. Mutum yana kaffa-kaffa da ƙarfen da ya yi jajir, amma da ya dushe sai hankali ya kwanta, a kai hannu. Wanda ya fi shiga haɗari ma shi ne ɗalibin da ya shigo daga baya, bai ga lokacin da aka fitar da shi ba. Saboda haka ake keɓe wuri guda na tubali domin huce kaya, a sa alama mai ɗauke da lokacin da aka ajiye. Haka ma awartakin da aka yi aiki da shi.

Mai aiki yana sa safar hannu mai jure zafi, garkuwar fuska, rigar auduga mai dogon hannu da rufaffen takalmi. Yadin roba bai dace ba, don yana narkewa ya manne a fata. Safar hannu tana jinkirta zafi ne na 'yan daƙiƙoƙi kawai, ba a riƙe ƙarfe da ita, kuma idan ta jiƙe ta fi babu illa, saboda tururi ke dafa hannu. Ana tsayawa a gefe a buɗe ƙofa a hankali, domin iska mai zafi tana fitowa gaba ɗaya ta sama. A zafi mai yawa ana ƙarawa da tabarau mai duhu, saboda hasken zafin da ido ba ya gani yana iya jawo yanar ido idan aka shekara ana kallonsa, cutar da aka daɗe da sani a tsakanin masu hura gilashi. Kafin a buɗe ƙofa ake share hanya tsakanin tanderu da tukunyar ban ruwa, ba bayan an ɗauko jan ƙarfe ba.

Ban ruwa da mai shi ne matakin da ya fi jawo gobara. Ana nutsar da ƙarfen gaba ɗaya, da sauri. Idan aka bar rabinsa a waje, ɓangaren da ke sama zai kunna tururin man. Tukunyar ta zama ta ƙarfe, mai murfi a kusa, domin idan wuta ta tashi murfin ake kifawa. Ba a watsa ruwa. Ko ɗan ruwan da ya shiga cikin man ya kwanta a ƙasa yana iya zama tururi farat ɗaya ya watso tafasasshen mai waje. Idan an ƙone, ana sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudana na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man shafawa ko man goge baki ba, sannan a nemi likita.

Lantarki da kuskuren ma'auni

A tanderu da yawa wayoyin zafi a fili suke, kuma muddin suna aiki akwai lantarki a jikinsu. Awartakin ƙarfe ya taɓa su, ya ishe. Bugu da ƙari, tubalin da ke hana lantarki wucewa idan yana da sanyi yakan fara barin wani kaso ya ratsa idan ya yi zafi ƙwarai. Shi ya sa ake haɗa jikin tanderun da wayar ƙasa, ake kuma sa makunni a ƙofa wanda ke yanke wuta da zarar an buɗe. Wasu sukan toshe wannan makunni wai don kada zafi ya sauka. Wannan ganganci ne, kuma ɗan lokacin da ake tsirarwa bai taka kara ya karya ba.

Matsala ta biyu ita ce tanderu ya ƙwace. Makunnin zamani da ke ba wayoyi wuta ba shi da ɓangare mai motsi, kuma idan ya lalace sau da yawa a kunne yake mutuwa. Na'urar daidaita zafi za ta ba da umarnin kashewa, amma wuta na ci gaba da shiga. Haka kuma idan aka ture tamokopul ya ja baya cikin bango, zai karanta zafin da bai kai na gaskiya ba, na'urar kuwa ta yi ta ƙara wuta. Maganin duka biyun shi ne na'urar tsaro ta biyu, mai nata tamokopul daban, da ke katse wutar gaba ɗaya idan aka wuce iyaka. Tanderun da ba shi da ita bai kamata a bar shi ya kwana a kunne babu mai lura ba.

Ko babu abin da ya lalace, tamokopul yana tsufa. Nau'in K yakan kauce sannu a hankali, musamman tsakanin 800 da 1,050 °C a wurin da iskar oksijin ta yi ƙaranci, inda yakan koma karanta ƙasa da gaskiya. Lambar da ke allo za ta nuna daidai, alhali ƙarfen ya sha zafin da ya wuce kima. Ana gano haka ne ta hanyar zura wani tantataccen tamokopul a kwatanta. Masana'antun jiragen sama suna bin ƙa'idar AMS 2750 wajen wannan gwaji, a Amurka kuma ƙa'idar NFPA 86 ce ta tsara tsaron tanderu.

Iskar gas

Domin hana ƙarfe yin ɓawo, a wasu tanderun ana tura iskar agon ko naitirojin. Ba su da launi, ba su da wari, ba su da guba, amma suna korar oksijin. Iskar da ake shaƙa tana da kashi 20.9 cikin 100 na oksijin, kuma hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka tana ɗaukar ƙasa da kashi 19.5 a matsayin haɗari. Agon ya fi iska nauyi, don haka yana taruwa a ƙasa. Haidurojin kuwa yana kamawa idan ya kai kashi 4 zuwa 75 cikin 100 a iska, saboda haka ba a sa shi sai a tanderun da aka ƙera domin haka.

Kulawa da gyara

Ba a fara gyara sai tanderu ya huce, an cire shi daga wuta, an kuma sa alama don kada wani ya mayar. Ana kwashe ɓawon ƙarfen da ya zuba a daɓe, a duba ko bakin ƙofa yana rufuwa sosai, a ɗaure mahaɗan wayoyin da suka saki, domin mahaɗar da ta saki tana zafi har ta ƙone. Ƙananan tsagu a jikin tubali ba abin damuwa ba ne, sai dai idan sun ratsa har jikin tanderun ya fara zafi a waje. Wayar Kanthal da ta yi aiki tana yin gautsi, ba a lanƙwasa ta da sanyi. Sandunan silikon kabaid kuwa ƙarfin jan wutarsu yana raguwa da tsufa, shi ya sa ake sauya su rukuni guda maimakon ɗaya-ɗaya. Kowace irin waya ta fi daɗewa idan ba a cika kai ta ƙarshen iyakarta ba.

Zaren yumɓun da ke bango yana buƙatar kulawa ta musamman. Cibiyar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa shi a rukunin 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo ciwon daji. Idan ya daɗe a zafin da ya haura kusan 1,000 °C, wani ɓangarensa yakan rikiɗe zuwa kiristobalait, nau'in silika mai lahani ga huhu. Don haka ba a hura ƙurar cikin tanderu da iska, ba a kuma share ta da busasshiyar tsintsiya. Ana zuƙe ta da injin shara mai matata ta musamman, mai aikin yana sanye da takunkumin da ke tace ƙura, a zuba tsohon zaren a leda a ɗaure bakinta.